Hatimin da Na Karanta wa Yaya

Yayata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba. Shi ne ɗan farinta, kuma ko da yake a Makka ta haife shi, cikin mutanen da ba su san irin wannan kunya ba, haka ta riƙe al'adar garinmu har ya fara gemu. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". In magana mai nauyi ce tsakaninsu, ni ake kira in tsaya a tsakiya. Ni ne autan gidanmu, ni ne kawunsa, kuma tun da mijinta ya rasu ni ne namijin gidan.

A unguwar Misfala muke zaune, can sama inda duwatsu suka fara, cikin ɗaki biyu na katako da langa-langa. Sana'ata ga-ruwa, garwa biyu da sanda a kafaɗa, daga bazan, wato famfon unguwa, zuwa gidajen mutane. Yaya kuma gyaɗa take soyawa ta sayar a bakin hanyar Harami. Ta Sudan muka zo da niyyar mu yi hajji mu koma, ba mu koma ba. Ni da ita ba mu da takardar komai. Shi ɗan nata yana da iƙama, wato takardar izinin zama, ta ɗalibi, wadda wani shugaban makaranta mai kirki ya tsaya masa aka yi, da ita ya hau har kulliyya inda ake horar da malamai. Akwai abu guda da kowa ya sani a unguwarmu: irinmu in ya fita ƙasar nan ƙofa rufuwa take a bayansa, sai fa in takardarsa ta ce zai dawo.

Ƙwallon tsumma yaron ya fara bugawa a lungunan Misfala. Da ya shiga kulliyya suka sa shi a ƙungiyarsu. Filinsu yana bayan unguwar Rusaifa, ƙasa ce da tsakuwa, a ja layi da farar ƙasa, ana wasa bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ba a biyan kowa. Riga ma aro ake ba su a karɓe bayan wasa, sai lemon zaƙi da ake yanka musu lokacin hutu. In na sauke garwar ƙarshe da wuri nakan taka har can in tsaya bayan raga. Ban san dokokin wasan sosai ba, amma in na ga gudu na san gudu ne. Dogo ne siriri, da ƙafar hagu yake bugu. In ya jefa ƙwallo a raga sai fili ya ɗauka, ɗan Makka, ɗan Makka! In ya ɓarar kuwa sai ka ji wani daga gefe ya ce Takruni, sunan da suke kiran duk baƙar fatar da ya fito daga wajenmu. Duka biyun yana ji. Ban taɓa ganin ya waiwaya ba.

A shekarar ne na shiga makarantar manya ta yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da 'yan kai. Tsakanin magariba da lisha ake yi, a wata firamare kusa da mu. Mu zauna a bencin yara gwiwoyinmu suna dukan tebur, masu burodi da 'yan dako da wani mai gyaran risho da ni. Na yi allo ina yaro a gida, amma ban wuce gajerun surori ba gona ta janye ni, baƙaƙen ma suka gudu. Ga shi rubutun jarida da na ofis ba wasali, sai ka san kalma kafin ka iya karanta ta. Larabcina kuwa na bakin bazan ne, na kawo da kai da matsa da halas. Ustazunmu saurayi ne marar faɗa. Ya ce kowa ya riƙa zuwa da kalma guda daga gari kowane mako, ko ta allon shago ko ta jarida, ya rubuta ta sau goma. Wannan bai dame ni ba. Na saba tsayuwa a layin ruwa.

Wata ranar Alhamis ɗan Yaya ya shigo da jarida a naɗe yana haki.

"Kawu, shuf! Duba nan."

Ƙungiyar kulliyya ta kai wasan ƙarshe na kofin makarantu. Ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya cikin babban layi ya ce in karanta. Na fara haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa ina komawa baya, shi kuma yana ta dariya yana cewa yalla, yalla, kafin ka gama an tashi wasan.

"Niha'i," in ji shi da ya gaji da jira.

"Niha'i. Me ake nufi?"

"Babban wasa, Kawu. Wanda ake ba da kofi. Ba kowa ke kaiwa ba sai gwanaye."

Na yanke wurin da reza na manna a littafina. Na rubuta ta sau goma, na ƙara goma don daɗi. Ita na kai wa ustazu a makon. Ya duba ya ce rubutun ya yi kyau, ya wuce benci na gaba. Bai tambaye ni ma'anarta ba, ni ma ban tambaye shi ba, don a ganina na riga na sani.

Sun ci kofin. A wannan wasan ne wani mutum ya gan shi. Balaraben Tunis ne mazaunin Faransa, ya zo hajji ya tsaya bayan alhazai sun watse. Aikinsa kai 'yan wasa ƙungiyoyin can, inda ake biyan mutum albashi don ya buga ƙwallo. Kwana uku yana zuwa filin, da kwat a kan jallabiya duk da zafin nan, ba ya tafi ba ya ihu, kallo kawai. Mutum biyu ya zaɓa, mai tsaron raga da namu. Mai tsaron raga ɗan wani ɗan kasuwa ne na cikin gari. Ya yi shawara da ubansa kwana ɗaya ya dawo ya ce ya gode, zai ƙarasa karatunsa ya ci gaba da buga wa kulliyya.

Namu kuwa har gida ya kawo baƙon. Na shimfiɗa masa tabarma, Yaya ta aiko da shayi daga bayan labule. Mutumin yana da fara'a, ya yaba shayin, ya ce ya taɓa zama da mutanenmu, masu amana ne. Amma na lura duk maganar da yake yi idonsa yana kan ƙafafun yaron. Ya tambaya ko ya taɓa karaya, ko gwiwa tana yi masa ciwo in an yi sanyi. Har ya miƙa hannu ya matsa ƙwaurinsa. Na taɓa ganin irin wannan matsawar a kasuwar raguna kafin salla. Bai tambayi wane ne ubansa ba, bai tambayi me yake karantawa ba.

Washegari ina layi a bazan sai ga mudarrib, malamin da ke koya musu wasa, da fararen kayansa cikin caɓi.

"Hajji, kai ne kawunsa?"

"Ni ne."

"Ka hana shi."

Na sauke sanda. Ya ce a wurinsu 'yan wasa iri biyu ne, akwai hawi mai yi don so, akwai muhtarif mai yi don albashi. Ranar da yaron ya sa hannu a takardar mutumin nan ya fita daga na farko ke nan, kulliyya za ta soke sunansa, ba zai sake sa rigarsu ba. Saura masa shekara guda ya zama malami.

"Can kuwa ƙafarsa za su saya, hajji. Ranar da ƙafar ta ƙi, ba wanda ya san shi."

Na kai wa yaron wannan magana kamar yadda aka ba ni. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mudarrib yana da takardar ɗan ƙasa a aljihunsa, Kawu." 

Yaya ta yi kwana biyu tana suyar gyaɗarta kamar ba ta ji labarin ba. A na uku muna zaune mu uku bayan cin abinci, yaron yana kusa da ita har inuwarsu tana haɗuwa, ta dube ni.

"Auta, ka gaya wa wancan ban hana shi neman abincinsa ba. Ubansa ma tafiya ce ta kawo shi nan. Amma sai na ji takarda ta ce zai dawo. Kuma ba daga bakinsa ba, don mai son tafiya komai ma zai faɗa. Kai za ka karanta min, tun da Allah ya buɗe maka ido."

"Na ji, Inna," in ji shi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Shekara da shekaru ina kai takarda wurin mutane in tsaya kamar bango su karanta min. Yau ga shi ni aka ce in karanta.

Ya sa hannu a takardar mutumin, kulliyya ta soke sunansa kamar yadda mudarrib ya faɗa. Ya yi makonni yana zirga-zirga zuwa ofishin fasfo, wanda muke kira jawazat. Kullum ya dawo fuska a ɗaure, in na tambaya ya ce bukra, gobe. Wata Juma'a da hantsi ya shigo da ita. Takarda ce mai kauri ninki biyu, da hotonsa a manne, da hatimi na shuɗin tawada a shafi na biyu. Yaya ta wanke hannu ta zo ta zauna. Ya miƙo min ya koma bakin ƙofa.

Kalma biyu ne manya a cikin hatimin. Ta farko na haɗa ta ba wuya, don tana rubuce a saman ƙofar makarantarmu: huruj, fita. Ta biyu kuwa ban ma haɗa ba, ganinta kawai na yi na gane ta, kamar ka hango ɗan garinku cikin taron ɗawafi.

"Huruj niha'i," na faɗa da ƙarfi.

"To me ya ce?"

"Yaya, cewa ya yi fita ce ta zuwa babban wasa. Niha'i. Irin wanda suka yi kwanan baya suka ci kofi."

"Ni ba kofi na tambaye ka ba. Zai dawo?"

"Ai wanda ya je niha'i dawowa yake. Ba ki ga wancan karon ba? Ya je ya dawo har da lambar yabo."

Na juya wurinsa na ce, "Ko ba haka ba?"

Yana sunkuye yana ɗaure igiyar takalmin da yake a ɗaure. Ya ce, "Ka iya karatu, Kawu."

Na ɗauka yabo ne. A ƙarƙashin hatimin akwai layi biyu na rubutun hannu, ƙanana, a cukurkuɗe irin na ma'aikatan ofis. Na dube su na kasa. Da na ce ban iya waɗannan ba, bari in kai wa ustazu, da ba wanda zai zarge ni. Ban faɗa ba. Na ninke takardar na mayar masa.

Yaya ta ce ya matso. Ta ɗora hannu a kansa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba tun yana goye. Ta ce Allah ya tsare, Allah ya ba da sa'a, Allah ya dawo da shi lafiya. Muka shafa.

Saura kwana goma jirgin ruwa ya tashi daga Jidda. Ina sa ran in ga yaro yana rawar kai, sai na ga ya yi sanyi. Abinci sai ya taɓa ya ture. Kullum bayan asuba ya sauka Harami ya yi ɗawafi, shi da a da sai an yi ta tashinsa. Ya je maƙabartar da aka binne ubansa ya daɗe, ko da yake ba wanda ya san ainihin wurin. Ya bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa, har da tsohuwar da suka yi shekara ba sa magana saboda ya fasa mata tulu da ƙwallo. Ni kuma ya ba ni alƙalaminsa da ƙamus ɗinsa mai baƙin bango.

"Ka riƙa dubawa a nan, Kawu. Wata kalmar ma'anarta ta fi ɗaya."

Na ce to, na gode. A lokacin ban ma iya neman kalma a ƙamus ba. Na ajiye shi a cikin akwati.

Saura kwana huɗu na je makaranta kamar kullum. Akwai wani abokin karatunmu mutumin Yaman, mai gasa burodi, mai yawan barkwanci. Ranar ya zo da alewa a takarda yana rabawa, wai sallama yake, zai tafi garinsu. Ya fito da fasfonsa yana nuna mana, yana cewa ko ba komai yanzu ya iya karanta sunansa a ciki. Fasfon ya zagayo har hannuna. Na buɗe, sai ga hatimin nan, shuɗin tawada, kalma biyu.

Na ce, "A'a! Kai ma ƙwallo za ka je bugawa da wannan tumbin?"

Aji ya fashe da dariya. Mai burodi ya shafa cikinsa ya ce shi ne ma ƙwallon, sai dai a buga shi. Mai gyaran risho ya ce a sa shi a raga, ba abin da zai wuce. Ustazu ya zo yana murmushi ya tambayi me ya kawo maganar ƙwallo. Na nuna masa na ce ai ga shi nan, niha'i, babban wasa.

"A'a, hajji. Niha'i na ƙarshe ke nan, wanda babu wani bayansa. Wasan kofi ana kiransa haka don shi ne na ƙarshe. Wannan kuwa fita ce ta ƙarshe."

Ya ɗauki alli ya rubuta layi biyu a allo. Huruj wa auda, fita da dawowa. Huruj niha'i, fita ba dawowa. Ya ce kowa ya kwafa, kalmomi ne masu amfani.

"Ni ai na gama da Makka," in ji mai burodi. "Shekara ashirin ina shan hayaƙi. Ko an roƙe ni ba na dawowa."

Suka ci gaba da dariya. Na riƙe fensir na kwafa layi biyun sau goma goma kamar yadda aka ce, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Alewar tana bakina har aka kira lisha ban ji zaƙinta ba.

Washegari bayan la'asar na same shi a filin Rusaifa. Tun da aka soke sunansa ba ya shiga, a kan wani dutse yake zama bayan raga yana kallon abokansa. Na zauna kusa da shi. Na buɗe littafina a shafin jiya na ɗora masa a cinya. Ya duba ya rufe.

"Ka sani," na ce.

"Na sani."

"Ka zauna a bakin ƙofa ka bar ni na yi wa uwarka ƙarya da bakina."

"Ba ƙarya ka yi ba, Kawu. Abin da ka sani ka faɗa."

"Kai fa? Me ka faɗa?"

Ya miƙo min littafin. Can ya ce wallahi ya nemi ta dawowa, shi ya sa ya yi ta zirga-zirga. Amma auda ta mai fasfon wata ƙasa ce da iƙama mai rai. Shi ba shi da ƙasar da za ta ba shi fasfo, iƙamarsa kuwa ta ɗalibi ce, ranar da kulliyya ta soke sunansa ta mutu. Layi biyun nan na rubutun hannu da na kasa karantawa cewa suke takardar ta tafiya ɗaya ce, kuma ya bar ƙasar kafin wata ya ƙare.

"To ka fasa. Mu je wurin mudarrib, mu roƙe shi."

"An riga an buga hatimi, Kawu. In na zauna yanzu na zama kamar ku, ina jin motar 'yan sanda ina shiga lungu. Kuma da ban sa hannu ba ma, baɗi in na gama karatu iƙamar za ta ƙare tare da shi. Wa zai ba Takruni aji? Shi wancan," ya nuna mai tsaron raga da haɓa, "aji na jiransa, ƙwallo kuma wasa ce a wurinsa. Ni in na ajiye ƙwallo sandarka zan ɗauka."

Ya dubi kafaɗata, inda sanda ta yi kanta, sai ya kawar da kai ya ce in yafe masa. Na ce ba komai, gaskiya ce.

"Kar ka gaya mata. Ka bari in tafi tana murna. In na yi suna can za su ba ni fasfonsu, in zo hajji kamar kowa."

"In ba ka yi suna ba fa?"

Daidai nan wani ya jefa ƙwallo a raga, fili ya kaure da ihu. Ya tsaya yana kallonsu. 

Kwana biyu ina ɗaukar ruwa da maganar a cikina. Na kai garwa gidan da ba su saya ba, na manta gidan da suke jira. Shi ya roƙe ni in yi shiru. Amma ita ba shi ta ba amana ba, ni ta ba. Ranar jajiberin tafiya da azahar ya fita yin sallama da abokansa, na same ta a tsakar gida tana soya gyaɗa cikin yashi, wadda za ta ƙulla masa guzuri. Na tsuguna a gefen murhu.

"Yaya, karatun da na yi miki ranar Juma'a, ban yi shi daidai ba."

Ba ta ɗago ba. "Faɗi."

Na faɗa mata duka, da mai burodi, da allon ustazu, da layi biyun da na kasa karantawa na ɓoye. Tana ta juya gyaɗa. Ta yi ta juyawa har na ji ƙauri, har hayaƙi ya tashi, ba ta sauke ba. Ni na sa tsumma na sauke kaskon.

"Shi ya sani?"

"Ya sani."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

 Na jira ta zage ni, da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Albarka na riga na sa masa, ba zan janye ba." Ta zubar da ƙonanniyar gyaɗar ta auno wata. "Kar ka gaya masa na sani. Kar ya hau teku da nauyina a kansa."

Haka muka ci abincin yamma mu uku, kowa yana yi wa kowa fara'a. Ya ce zai kawo mata bargo mai laushi daga can. Ta dube ni ta ce in gaya wa wancan ja take so.

Da safe muka raka shi tashar motocin Jidda. Ban zaci za ta je ba, don ba ta raka kowa tasha, amma ta yafa mayafi ta biyo mu. Mutumin Tunis yana gaban mota da kwat ɗinsa yana duba agogo. Mudarrib ma ya zo da mai tsaron raga, suka rungume shi. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, ta ce a sauka lafiya tana kallon wani wuri. Ya riƙe hannuna ya matsa, ya shiga ya zauna a baya, ƙullin gyaɗa a cinyarsa, fuskarsa tana gaba.

Mota ta tashi. Ta ɗan yi nisa kaɗan, ta kai wajen wani mai sayar da ruwan sanyi, sai na ji Yaya ta kira sunansa. Da ƙarfi ta kira, cikin mutane, sunan da aka raɗa masa ranar suna, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Ya waiwayo. Na ga fuskarsa ta gilashin baya, na san ya gane ta sani. Motar ba ta tsaya ba.

Wasiƙu sun zo da farko, ta hannun wani mai shago a Misfala. Ya ce akwai sanyi, ya ce filinsu ciyawa ce kamar darduma, ya ce ya ci ƙwallo a wasansa na uku. Kowace na karanta sai na kai wa ustazu ya sake karantawa kafin in buɗe baki a gaban Yaya. A shekara ta biyu ya rubuto cewa gwiwar hagu ta ɗan dame shi, amma ba komai. Sai aka yi yaƙi aka rufe mashigin jiragen ruwa na Suwais, wasiƙu suka ja baya. Ta ƙarshe da ta iso daga wani gari na bakin teku take. Ba maganar ƙwallo a ciki. Ya ce yana aiki a tashar jiragen ruwa, yana nan yana neman takarda.

Mai tsaron raga ya zama malami, nakan kai ruwa gidansu. In ya gan ni sai ya tambaya ko akwai labari.

Tun daga ranar tasha Yaya ba ta koma cewa "wancan" ba, sunansa take kira kai tsaye, ni kuwa har yanzu ban saba jinsa a bakinta ba. Da aikin hajjin bana ya matso ta ɗauke farantin gyaɗarta daga inda ta saba, ta koma layin da alhazan Tunis da masu zuwa daga Faransa suke sauka. Ta kawo min gutun kwali ta ce in rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ta jingina a jikin faranti ko wani zai gani ya ce ya san shi. Na rubuta da alƙalamin da ya ba ni. Sunan da na sani ne tun ranar da aka haife shi, amma sai da na kai wa ustazu ya duba kafin na ba ta.